Masu kaset ɗin Kassu Zurmi, ku zo mu haɗa abin da ke hannunmu

Ɗan Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara huɗu ke nan ina bin sawun waƙoƙin marigayi Kassu Zurmi, makaɗin maza, na 'yan tauri da mafarauta. Abin da ya ishe ni shi ne, duk mai turin da na je wurinsa, daga Gusau har Kano, waƙoƙi iri ɗaya yake ba ni, suna kawai ake canzawa. Kwanan baya na biya kuɗi aka cika mini memori, na dawo gida da murnata. Da na zauna da biro da takarda ina saurare ina ƙirgawa, sai na tarar waƙa tara ce ake ta juyawa a fayil talatin da ɗaya, uku daga ciki ma muryar Ɗan Anace ce, kiɗan dambe tsantsa. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma duk mai son nasu ya san inda zai nufa. To na Kassu fa? Hankalina bai yarda cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa a fagen tauri abin da ya bari ke nan ba. Don Allah duk wanda ya taɓa riƙe kaset ɗinsa, ko na kasuwa ko na gida, ya gaya mana yadda ya same shi da inda yake yanzu.

Tsohon Mai Kaset:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bari in gaya maka inda Ɗan Anace ya shigo, domin da hannuna na yi wannan aikin. Na yi shekaru ina sayar da kaset a Ƙofar Wambai. Uwar kaset guda muke samu, mu riƙa buga ɗaruruwa daga jikinta. Mafi yawa a kan C60 muke bugawa, minti 30 kowane gefe. In waƙa ta fi minti 30, sai mu datse ta inda zare ya ƙare. In ba ta kai ba, ba za mu bar wa mai saye fili ba, sai mu cike da wani makaɗin maza mai kama da shi, a takarda kuwa sunan Kassu kaɗai za a rubuta. Ɗan kasuwar Gusau ya sayi ɗaya a wurinmu ya mai da ita uwa, na Funtuwa ya saya a wurinsa shi ma ya mai da ita uwa. Kowane bugu murya na raguwa, shuuu na ƙaruwa. Da CD ya zo, daga waɗannan gajiyayyun kaset ɗin aka kwafa, daga CD aka zuba a kwamfuta, shi ne yau yake cikin wayarka.

Abin da ke ci mini rai, lokacin da kasuwar ta mutu ina da buhu biyu na uwayen kaset. Na bar su a shago ƙarƙashin kwano, zafi ya narkar da wasu, damina ta ci sauran. Akwai ɗaya ta Kassu a ciki wadda ban taɓa datsewa ba, C90 ce, mai minti 45 kowane gefe. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Ɗan Ƙaura:
Allah ya saka da alheri, Baba. Yau na gane dalilin da ya sa waƙa biyu a wurina suke yankewa a tsakiyar amshi.

Bazamfara:
Salamu alaikum. Ni ba mai tara kaset ba ce, amma muna da guda a gida, kuma na tabbata babu ita kasuwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙanshi, ɗan tauri ne. Wata shekara bayan an ɗebe amfanin gona an ka yi wasa garinmu, an ka kira Kassu. Ƙanen babanmu shina da rediyo mai kaset, irin babbar nan mai batir shida, sai ya aje ta bisa turmi kusa da makaɗa ya danna ja. Kaset ɗin na cikin adakar innarmu, naɗe cikin tsohon ɗankwali, tare da wuƙar babanmu.

Sau uku kawai na ji ta a rayuwata. Ana jin komai. Ana jin akuya, ana jin wani yaro na kuka ana lallashinshi, ana jin ƙarar wuƙaƙe. Can tsakiya Kassu ya tsai da kiɗa ya kira sunan babanmu da na kakanmu, sai mata sun ka rangaɗa guɗa, sai muryar babanmu ta taso shina kirari. Shekarata bakwai da ya rasu, muryarshi ta ɓace mani, wanga kaset ne ya mai do mani da ita. Innarmu ba ta iya sauraren wurin, fita take yi tsakar gida. Na faɗa maku ne don ku san akwai irinta, ba don in ba da ita ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Hajiya, don girman Allah kada a ƙara saka kaset ɗin nan a kowace irin rediyo. Ni na ɗanɗana. Wani dattijo ya kawo mini tasa in kwafa masa, na yi gaggawa na jefa a tsohuwar na'ura ban duba robar da ke jan zare ba. Minti biyu ta tauna ta. Na zaro zaren a cukurkuɗe, na miƙe shi a kan tebur, na yanke abin da ya lalace na haɗa, amma baiti guda ya tafi har abada. Ban iya kallon idon mutumin ba.

Tun daga ranar, kafin in kunna tsohon kaset sai na sa biro na juya shi da hannu daga farko har ƙarshe, in ji ko zaren ya manne. Sai in duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zare, domin yakan faɗi, in babu shi murya ba ta fita. In akwai farin fumfuna a gefen zaren, ba na kunnawa sai na goge. In gidan kaset ɗin ya fashe, ina kwance wani mai kusoshi in mai da zaren ciki. Kan na'ura, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zare, shi kuma a goge shi da auduga da sifirit. Sannan a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset, don ko yaro ya danna ja ba zai ɗauki komai a kai ba. Kuma kada a kara waya a bakin sifika a ce an kwafa. A ja waya daga na'ura zuwa kwamfuta, a ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce, a ajiye a WAV, irin fayil ɗin da ba ya rage murya. MP3 na rabawa ne kawai.

Na Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan ta hanyar Jibiya kaset ɗin Kassu ke shigo mana, direbobi da 'yan kasuwa ke kawowa, mafarautanmu kuma suna sonsa ƙwarai. Amma biyu da nake da su ba na kasuwa ba ne, yayana ya ɗauka daga Rediyon Kaduna da dare a gajeren zango. Muryar na tafiya tana dawowa kamar iska na kaɗa ta, har da mai gabatarwa yana gaishe da masu saurare kafin ya saki waƙar. Matsalar ɗaya daga ciki, batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, to in ka kunna ta yanzu sai ta yi gudu, Kassu ya koma kamar ɗan yaro. Na daɗe ina zaton wani makaɗi ne daban.

Mai Gyaran Rediyo:
Wannan mai sauƙi ne, ɗan'uwa. Zaren kaset santimita 4.76 yake tafiya a daƙiƙa, in an ɗauka ƙasa da haka dole ya yi gudu a na'ura mai lafiya. A kwamfuta ana rage gudun. Mu sa muryar mai gabatarwar ta zama ma'auni, in ta daidaita, ta Kassu ma ta daidaita.

Malamin Makaranta:
Tunda an ambaci rediyo, bari in kawo tawa. Gidan rediyon Kaduna tun 1962 yake aiki, kuma makaɗan Arewa da yawa ta gidajen rediyo aka fara ɗaukar muryarsu, shi ya sa na ce can zan fara nema. Na je wani gidan rediyo, ba zan faɗi wanne ba, da takarda daga makarantarmu. Wani ma'aikaci da ya kusa ritaya ya kai ni ɗakin ajiya. Manyan faya-fayen zare ne jere a kanta, ƙura ta rufe su, wasu takardar jikinsu ta goge. Ya ɗauko ɗaya mai sunan wani makaɗin Zamfara ya ce in duba ciki, sai ga wata takarda: an goge an ɗauki wani shiri a kai, lokacin da sabon zare ya yi wuya. Na'urar da ke kunna su ma ta lalace. Mutumin nan ya fi ni jin zafin abin, ya ce shekaru yana roƙon a gyara. Na dawo hannu rabbana. Amma na fahimci abu guda, ko da an samu na rediyo, waƙar ɗaki ce, an zaunar da makaɗi gaban makirfo ba ɗan tauri ko ɗaya. Irin ta Hajiya Bazamfara ita ce Kassu a fagensa.

Ɗalibar Hausa:
Ina rubuta kundin digirina a kan makaɗan maza, kuma na rubuta waƙa uku na Kassu da hannu. Na sha wuya. Ni Bakanuwa ce, shi kuwa Zamfarci yake zubawa da sauri, ga sunayen mutane da ƙauyuka da dazuzzuka a jere. Akwai wani layi da na yi mako biyu ina ɗauka sunan magani ne. Da na kai wa wani tsoho ɗan ƙasar Zurmi da ke gudun hijira a Gusau, ya saurara sau ɗaya ya ce sunan mutum ne, ya faɗi garinsu, da abin da ya haɗa shi da wanda ake yi wa waƙar, da dalilin da ya sa aka yi masa zambo. Muka kwashe yini guda, ya warware mini sunaye fiye da ashirin. Da na koma bayan azumi aka ce ya rasu.

Shi ya sa nake roƙo, duk wanda zai kwafi kaset, ya zauna da mai shi ya tambaya: a wane gari aka ɗauka, a wane wasa, wa ya ɗauka, su wa ake kira. Ya ɗauki amsar da waya ya ajiye tare da waƙar. Masu sanin mutanen da ke cikin waƙoƙin nan sun fi kaset ɗin saurin ƙarewa.

Yaron Zamani:
Ni a ganina duk wanda ya samu ya ɗora a YouTube kawai. Ɓoyewa ce ta kashe su tun farko. Na ɗora guda biyu, na wanke su da manhaja, shuuu ɗin duk ya tafi.

Tsohon Mai Kaset:
Yaro, na ji waɗanda ka ɗora. Shuuu ya tafi, amma ya tafi da 'yan amshi, kiɗan kuma ya koma kamar ana buga shi cikin randa. Ka mai da na asalin kusa da shi. Kuma ka tuna Kassu yana da iyali. Mu mun ci kuɗin muryarsa shekaru ba mu aika musu ko sisi ba, kada ku maimaita namu. In wani abu ya shigo, a neme su.

Yaron Zamani:
Na karɓa, Baba. Na asalin na nan, zan ɗora shi yau, in rubuta inda na samo.

Bagobiri:
Ni tawa gajera ce. An yi mini kwatancen wani gida a wani ƙauye arewa da Zurmi, an ce maigidan na da kaset huɗu na wasan farauta. Na yi ta jan jiki saboda halin da hanya ke ciki. Da na samu ɗansa a tashar mota a Ƙaura, ya ce daren da suka gudu daga ƙauyen daga su sai kayan jikinsu. Gidan an ƙone shi. Ban iya sake tambayarsa kaset ba, jaje na yi masa muka rabu.

Bazamfara:
Na karanta ma innarmu abin da Bagobiri ya rubuta, da na ɗalibar nan. Ta yi shiru, can tac ce mu ma haka mun ka baro gida, adakar ce kawai Allah ya sa an ka ɗauko. Ta yarda a kwafa, amma da sharaɗi. Kaset ba zai fita gida ba, mai gyara ya zo da na'urarshi a yi gabanta. Wurin kirarin babanmu ba za a sa shi intanet ba, namu ne. Sauran ta ce a ba kowa. Kuma tac ce ɗalibar ta zo da littafinta, ita ta san duk wanda an ka kira cikin waƙar, har matar da ta fara guɗa.

Mai Gyaran Rediyo:
Mun gode, Hajiya, a miƙa gaisuwarmu ga Inna. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu. Zan zo da na'ura biyu da sabuwar roba, da batirin kwamfuta cike ko da an ɗauke wuta. Kafin nan kada kowa ya buɗe ɗankwalin.

Ɗan Ƙaura:
Zan ɗauko ɗalibar daga tasha. Na Maraɗi, ka ba direban da ka yarda da shi naka biyun, ka naɗe su a leda ka sa cikin gwangwani, ka ce masa kada ya ajiye su gaban mota inda rana ke duka.