Mota ta zame mini a hanyar Mirya, laifin motar ne ko nawa?

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar ina dawowa Damagaram daga Mirya, ruwan farko na bana ya same ni a hanya. Ba ma wani ruwan kirki ba ne. Ina kan 90 na shiga wani wuri da ruwa ya kwanta kan kwalta, sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba. Na danna birki, gindin motar ya juya, na tsinci kaina a bakin gonar wani ina kallon inda na fito. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ban yi ba. Corolla ce 'yar Kwatano, wata 8 a hannuna. Me na yi ba daidai ba?

Wani tsohon direban Damagaram zuwa Maraɗi:
Alhamdulillahi da ka tsira, yaro. Naka ne. Zanen da ke jikin taya aikinsa ya kore ruwa gefe don roba ta taɓa kwalta. In gudu ya yi yawa, ba ya samun lokacin korewa, sai taya ta hau kan ruwan, motar ta zama kwalekwale. Shi ne sakayau ɗin da ka ji. A lokacin ba birki ake nema ba. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka jira. Da kanka za ka ji nauyi ya dawo hannunka. Kuma ruwan farko ya fi na Agusta santsi: duk rani baƙin mai da ƙura suna kwance kan hanya, ruwa kaɗan ya dama su kamar miyar kuɓewa. Ni in hadari ya sauko ba na wuce 60, fasinja su yi ta ƙorafi.

Wani ɗan Birni:
Sannu abokina. Ka dinga rage iskar taya da damina, ta fi kama ƙasa.

Mai faci a Zango:
A'a Malam, wannan dabarar rairayi ce. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta taya mai ƙarancin iska ta fi saurin hawa ruwa. A sa mata daidai abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Mai tambaya, leƙa cikin ramin zanen tayarka, akwai 'yan tudu ƙanana. In zanen ya zo daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, ta gama aiki. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Da yawa cikin na hannu da ake kawo mana zanensu na nan amma robar ta bushe. In biyu kawai za ka iya saye, sa sababbin a baya, don gindin ne ya juya da kai.

Wata ma'aikaciya mai bin hanyar Magarya:
Ƙanena, ƙara da tazara tsakaninka da na gabanka, nisan tsayawa kan jiƙaƙƙiyar hanya na iya ninka na busasshiya. Kunna fitila ko da rana ne, saboda 'yan kabu-kabu. In ka tarar da korama ta cika hanya tana gudu, tsaya ka jira ta sauka, ko da manyan motoci na wucewa.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Yaya. Na duba yanzu, na bayan duka biyu 2016 ne. Mai faci, gobe da ƙarfe nawa kake buɗewa?