Tsabar da ke cikin jelil ɗin omeprazole, ana iya daka ta?

Ɗan Zariya 2:
Salamu alaikum 'yan uwa. Inna ce likita ya rubuta ma omeprazole saboda olsa, to ita ba ta iya haɗiye jelil, wato kafso, da ta sa a baki sai kakarin amai, shi ne jiya na buɗe guda na ga ashe ba gari ba ne ciki, wasu 'yan tsaba ne farare ƙanana ba su kai ƙwayar gero ba. Na murƙushe su da bayan cokali na zuba mata cikin kunun kanwa ta sha. Ƙanwata ta ce na ɓata magani. Wai da gaske? Kuma mi ya sa ba su yi shi gari ba tun farko kowa ya huta?

Mai Farmasi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lahiya. Gaskiyar ƙanwarka malam, kar ka sake. Ruwan tsamin ciki kashe omeprazole yake, kuma shi ba a tumbi yake shiga jini ba sai ya kai hanji, don haka kowace tsaba da ka gani riga aka sa mata wadda tsami bai narkar da ita. Ka murƙushe ka yage rigar kenan. Kuma ka ƙara da kanwa, ita rigar abin da ba tsami ba shi ke narkar da ita, ka ga ko ba ka daka ba kunun kanwa ba wurinta ba ne. In dole sai an buɗe, a zuba tsabar a cokali da ɗan ruwan lemun zaƙi, ba na kwalba ba, ta haɗiye nan take ba taunawa, ta bi da ruwa. Amma ka koma wurin likitan ka gaya mai matsalar haɗiyar.

Ɗalibin Shimi:
Bari in ɗan ƙara tunda abin ya taɓo karatunmu na ilimin sinadarai. Kun san gyaɗa mai sukari da mata ke juyawa a kasko har sukarin ya lulluɓe kowace ƙwara? To kusan haka ne, sai dai a masana'anta ba cokali ke juyawa ba, iska ce. Ana farawa da 'yan dunƙulen sukari da sitaci, a zuba su cikin wani tulun ƙarfe ana hura iska mai ɗumi daga ƙasa su yi ta tashi sama suna faɗowa kamar ana shiƙar hatsi, ana fesa masu ruwan maganin suna bushewa a hanya, su zagayo a sake fesawa, haka haka har kowace ta ɗauki rabonta. Wani Ba'amurke Dale Wurster na jami'ar Wisconsin ya ƙirƙiro dabarar a shekarun 1950, har yau da sunanshi ake kiran injin. Abin da ya fi burge ni shi ne rigar ba ɗaya ba ce. Ta wajen ita kanta tana da ɗan tsami, in ta taɓa omeprazole kai tsaye sai ta lalata shi tun cikin kwali, dole sai an sa ta ciki tsakaninsu kamar singileti kafin babbar riga. Ta wajen sau da yawa wata irin roba ce mai suna Eudragit, ta wani kamfanin Jamus, akwai irin da ba ya narkewa sai ma'aunin tsami na pH (in tsami ya yi yawa lambar ƙasa take yi) ya wuce 5.5, tumbi kuwa in ba abinci yana wajen 1 zuwa 2, sai tsabar ta wuce abinta lahiya lau sai farkon hanji ta buɗe. Akwai ma irin da ke jira sai pH 7, na maganin da ake so ya kai can ƙarshen hanji. Ko ƙaron nan namu da muke rainawa, da shi da jelatin aka yi ƙananan kwanso masu lulluɓe abu haka na farko-farko, amma na tawadar takardar rasit mai kwafi ba na magani ba.

Uwar Biyu:
Ikon Allah, singileti kuma. Ni dai tambayata na masu yawo da magani a tire cikin kasuwa, rana ta dake shi tun safe a wanga zafi namu da ke wuce 40, rigar tana nan kuwa?

Mai Farmasi:
Hajiya ba mai iya ba ki tabbas. Zafi da laima su ne abokan gabar omeprazole, in kika buɗe kika ga tsabar ta manne da juna ko ta canza launi ta yi duhu, zubar da ita. Na tire kam ni ba na ba iyalina.

Ɗan Zariya 2:
Na gode ƙwarai. Da safen ga na gwada da ruwan lemu a cokali ta haɗiye ba gardama, sai dai ta ce wata tsabar ta maƙale mata a haƙori na ce kar ta tauna ta kurkure da ruwa ta haɗiye. Ƙanwar tawa kuma tun jiya take min dariya, yanzu in ta ga wannan ban san inda zan sa kaina ba.