Asmar yayata ta koma wata cuta wai EGPA, wa ya san kanta?

Ƙanwar Mai Jinya:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman ƙarin haske. Yayata ba ta taɓa asma ba sai da ta haura shekara 35, ga toshewar hanci kullum har ta daina jin ƙamshin girki, wai tsiro ne a ciki. Kusan shekara shida ana ta fama da abin shaƙa, to bara sai ƙafarta ta dama ta fara mutuwa, tana cikin tafiya silifas zai cire ba ta sani ba, ga wasu jajayen ɗigo a ƙwauri. Mu wlh mun ɗauka jifa ne, har rubutu an sha. Ƙarshe a asibitin koyarwa suka ce EGPA ce, kumburin ƙananan jijiyoyin jini. An ɗora ta kan firednisolon, ƙwayar sitiroyid mai rage kumburi, ɗigon sun ɓace ƙafar ma ta fara dawowa, amma ƙirjin nan da hancin suna nan daram, da an rage ƙwaya sai numfashi ya dawo yana fito. Me ya haɗa asma da jijiyar jini, kuma me ya sa ɗaya ya lafa ɗaya ya ƙi?

Likitan Ƙirji:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Yadda kika jero abin nan haka cutar ta saba zuwa, asma da hanci su ne kan gaba, wani lokaci da shekaru masu yawa, sannan jijiyoyi su biyo baya. Wasu likitoci biyu ne, Jacob Churg da Lotte Strauss, suka fara bayaninta a New York a 1951, shi ya sa za ki ji tsofaffin likitoci har yau suna cewa Churg-Strauss.

Mai laifin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira iyosinofil. Asalin aikinsu yaƙi da tsutsa. A mai wannan cutar garkuwar jiki ce take rikicewa, fatar cikin hanyoyin iska ta dinga kururuwa kamar an kawo hari alhali babu kowa, wasu ƙwayoyin garkuwa su saki sinadarin IL-5, shi kuma ya sa ɓargo ya yi ta haifo iyosinofil kuma ya hana su mutuwa da wuri. Su taru a bangon hanyar iska suna zubar da gubar da aka tanada don tsutsa, bango ya kumbura, majina ta yi kauri, hanci ya yi tsiro. In suka yi yawa sai su tsallaka zuwa jijiyoyi da fata har zuciya.

To kumburin jijiyar jini yana jin magani, amma wutar da ke hanyar iska tushenta na nan, shi ya sa da yawa asmarsu ke ci gaba ko bayan sauran sun lafa. Akwai allurar mepolizumab mai toshe IL-5 ɗin kai tsaye, Amurka ta amince da ita don wannan cutar a 2017, miligiram 300 duk sati huɗu, sai wata allurar mai suna benralizumab a 2024. Matsalar kuɗi ne da samu, gaskiya.

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Likita ya gama magana, ni nawa ɗaya ne. A nan wajenmu in na ga iyosinofil ya hau a takardar jini tsutsar ciki ko tsargiya nake fara zargi kafin komai. Ki tambaya ko an duba mata bayan gida da fitsari, don akwai wata tsutsa sitironjiloyidis da in aka ba mutum firednisolon mai yawa tana jikinsa sai ta bazu ko'ina, abin ba daɗi. Kuma in gwajin ANCA, wato wani sinadarin garkuwar jiki da ake nema a jinin masu kumburin jijiyoyin jini, ya fito babu kar ki ce an yi kuskure, wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na masu EGPA ne kawai ke nuna shi.

Likitan Ƙirji:
Ƙwarai kuwa. Kuma waɗanda ba su da ANCA ɗin su aka fi jin tsoron zuciyarsu, a yi mata hoton zuciya. Kar ta kuskura ta yanke ƙwayar firednisolon da kanta don fuska ta kumbura, abin shaƙa mai sitiroyid kuma kullum ne ba sai numfashi ya tashi ba.

Ƙanwar Mai Jinya:
Innalillahi, ai kuwa shekaranjiya take cewa za ta bar ƙwayar saboda kumatunta sun yi suntum mutane na tambaya ko ciki ne. Na gode sosai, bari in kira ta yanzu. ANCA ɗin babu aka ce, hoton zuciyar kuma ranar Litinin in sha Allah zan yi wa likitanta maganar.