Kwas ɗin koyon sayar da kayan wasa da tsofaffin littattafai: ya cancanci kuɗinsa?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Shekara biyu ke nan ina sayen tsofaffin littattafai da kayan wasan yara na gwanjo a nan Akara, ina tallata su a Jiji da Facebook, masu saye kuma suna biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Kwanan nan na ga tallan wani kwas na dala 300 da ke koyar da yadda ake sayar da bulollin wasa na Lego da motocin wasa na Hot Wheels ga masu tara kayan tarihi a eBay da Amazon, sannan akwai wani zaure a manhajar hira ta Discord da ake biya duk wata domin a riƙa sanar da mambobi kayan da farashinsu zai tashi. Jarina bai kai in ɗauki duka biyun ba. Da wanne ya kamata in fara?

Hajiya ta Aboabo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni na taɓa biyan irin wannan kwas, kuma ba zan ce malamin ya yi ƙarya ba, sai dai mutanen Amurka yake koyarwa. Kusan dukan darussan sun ginu ne a kan shiga Walmart ko Target a kwashi kayan da aka karya wa farashi, ko a zaga shagunan gwanjo na Goodwill, alhali ni kasuwar Kejetia ta Kumasi nake zuwa in jira a kwance dila. Haka ma zauren: idan suka ce a garzaya wani kanti a sayi kaya kafin su ƙare, kai kana Nima, ina za ka garzaya?

Kafin ka ba da ko sidi ɗaya, ka tambayi mai kwas ɗin ta wace hanya mazaunin Gana zai karɓi kuɗinsa, domin matsalar karɓar kuɗi ta PayPal, wato kafar biyan kuɗi ta intanet, a ƙasar nan tsohuwa ce. Ka kuma tambaye shi lissafin aika kaya ta DHL ko EMS, tunda daga 29 ga Agusta 2025 Amurka ta soke sassaucin harajin da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba. Idan ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Malamin Asawase:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ni ta fannin littattafai zan yi magana. Abin da ake sayar maka a kwas, yawancinsa yana nan kyauta ga mai haƙuri. A eBay kana iya tace bincike ya nuna maka kayan da aka riga aka sayar kaɗai, wanda shi ne farashin gaskiya, ba abin da mai kaya ke fata ba. Shafin sayar da tsofaffin littattafai na AbeBooks zai nuna maka yadda dillalai ke kwatanta bugun farko da lafiyar bango, shafin BrickLink kuma yana da tarihin farashin Lego. Sai ka kula da jabun Lego, domin ana samunsu a cikin dila, kuma na asali yana da tambarin kamfanin a kan kowane ɗan tudu na bulon.

Ka kuma lissafa kason Amazon tun da wuri: kashi 15 cikin ɗari a kan littafi, da ƙarin dala 1.80 a kowane ɗaya, ban da dala 39.99 a wata idan ka ɗauki babban asusu. Littafi yana da nauyi, kuma malaman Amurka suna dogara ne da arhar gidan wayarsu. Inda muka fi su shi ne kayan gida, kamar tsofaffin bugun African Writers Series na Heinemann, wanda aka fara a 1962, masu bango ruwan lemo. Waɗannan suna kwance a teburan masu littattafai na bakin titi, kuma ba wani kwas na waje da zai nuna maka teburin.

Mai Shago a Sabon Zongo:
Malam, a gafarce ni, ni ban ƙi biya gaba ɗaya ba. Manhaja irin Keepa, wadda ke nuna hawa da saukar farashi a Amazon, tana da amfani, kuma kana iya biyan wata ɗaya ka dakatar. Abin da nake gudu shi ne biyan shekara a dunƙule, da kwas ɗin da babu maganar mayar da kuɗi a rubuce.

Ɗan Nima:
Allah ya saka da alheri. Na tura wa mai kwas ɗin tambayoyin Hajiya tun jiya, har yanzu bai amsa ba. Malam, ina da guda shida masu bango ruwan lemo a shago. Zan ɗauki hoton shafin da ke nuna shekarar bugu in sa a nan ku duba mini.