Neman shawara: ina son sana'ar hoto, amma na gaji da bin biki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni matashi ne a Tudun Wada, ɗaukar hoto ce sana'ata, kuma da bukukuwa nake ci: kamu, dina, walima. Kasuwar ta cika maƙil. Duk mai babbar waya ya zama mai hoto, farashi ya faɗi, ga kai wa tsakar dare a wurin dina, abin da Baba ba ya so sam. Ina ƙaunar aikin nan, ba na son barinsa. Akwai wata hanyar da mai kyamara zai ci abinci a Zariya ba sai ya bi amarya ba?

Baban Khalifa, Samaru: Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin gona ya ci shekaruna, don haka ta nan zan fara. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS suna nan Samaru, kuma masu bincike ba sa rabuwa da buƙatar hoto: gonar gwaji, ganyen da cuta ta kama, ƙwaro a jikin kara. Da tsutsar masara ta shigo Najeriya a 2016, da hoto malaman gona suka riƙa nuna wa manoma kamanninta da irin cin da take yi wa ganye. Sai dai ka sani, wannan hoton ba ya son kwalliya. A biki kana gyara fuska, a gona kuwa idan ka taɓa launin ganye ka ɓata shaida, domin rawayar da ka goge wataƙila ita ce alamar ƙarancin taki. Ka nemi gilashin kyamara mai ɗaukar abu daf da daf, ka riƙa ajiye rula kusa da abin don a gane girmansa, ka tsaya wuri ɗaya duk mako, ka rubuta kwanan wata da lambar fili. Kada ka fara da ofisoshi. Fara da ɗaliban digiri na biyu da na uku, su ne ke neman hoto mai kyau don kundinsu, su ne kuma za su kai sunanka wurin malamansu.

Maman Ilham, cikin Birni: Ɗana, zo ka ga masu ɗinkin hannu. Muna ɗinkin aska takwas da aska biyu a manyan riguna, ana saye ta WhatsApp da Instagram har Legas da Abuja, amma hotunanmu ke karya mana ciniki. Farar shadda da farin zare in an haska su gaba da gaba, aikin wata guda sai ya ɓace kamar ba a yi ba. Wanda ya iya kawo haske ta gefe har zaren ya fito, zai samu aiki duk mako. A biya ka kan kowace riga. Ba za ka shiga cikin gida ba, za a fito maka da kaya zaure. In kana da ƙanwa, koya mata, ita za ta shiga inda ba za ka shiga ba.

Abban Nana, Kwangila: Ka sayi jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, masu gini da masu filaye suna nema.

Baban Khalifa: A yi hattara da wannan. Ana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ga filin jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga Depot na soja, duk a garin nan. Ba ko'ina ake ɗaga shi ba.

Malam, Ƙofar Doka: Abin da ke damuna shi ne littattafan kakanni. Gidajen malamai da yawa a Birni suna da rubutun hannu na Larabci da ajami, gara da danshi suna cinye su. A jami'ar ABU akwai sashen binciken tarihin Arewa, wato Northern History Research Scheme, da ke adana irinsu, akwai cibiyar tarihi ta Arewa House a Kaduna, kuma ɗakin karatu na British Library a Ingila yana da shirin ba da tallafi don a ɗauki hoton tsoffin takardun da ke cikin haɗari. Masu bincike ne ke neman tallafin, amma dole su ɗauki mai kyamara. Aikin haƙuri ne: kyamara a kafe daga sama, fitila biyu dama da hagu, hannu a wanke. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a cikin tadarishi, in ka hautsina su ka yi ɓarna. Marubutan dā sukan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafi, da ita ake gane jeri. In ka iya karanta ajami ko kaɗan, ka fi wanda ya fi ka kyamara. Kuma kada ka sa ko shafi ɗaya a intanet sai da yardar mai littafi.

Yaya Babba, Sabon Gari: Duk na yarda, amma kada ka saki reshe ka kama ganye. Na taɓa yi wa wata ma'aikata aiki, kuɗina bai fito ba sai da damina ta wuce. Ka ci gaba da bikin rana da walima, ka bar dina tunda Baba ba ya so. Duk sabon aiki a rubuta yarjejeniya, a ba ka rabi kafin ka fara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ɗinkin ya fi mini sauƙin farawa. Mama, me zan zo da shi?

Maman Ilham: Fitilarka ɗaya ta isa, sai baƙin yadi kamar kamu huɗu na shimfiɗawa a baya, da dutsen guga. Ka zo da hantsi ranar Asabar. Riguna biyun farko ka ɗauka kyauta, in nuna wa sauran mata a ƙungiyarmu ta adashe.