Maganin Parkinson da sauyin hali: abin da aka tattauna a Yamai

Ga taƙaitaccen abin da likitoci da masu jinya suka yi ittifaƙi a kai.

Wasu magungunan cutar Parkinson, irin su pramipexole, ropinirole da piribedil, suna kwaikwayon dopamin, wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ke ƙaranta a wannan cuta. Suna rage karkarwa da sandarewar jiki, amma kuma suna taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da kwaɗayi da jin daɗi. Wani babban bincike na 2010 ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 6 masu shan irin waɗannan magunguna yana kasa kame kansa. Levodopa, wani maganin Parkinson na daban, ba ya yawan jawo haka.

Dattijon da bai taɓa caca ba sai ya duƙufa kan cacar ƙwallo ta waya, ko ya riƙa sayen kayan da ba ya buƙata, ko cin abinci cikin dare, ko sha'awa ta ƙaru fiye da kima. Wani zai kwana yana kwance rediyo yana ɗaurawa. Kunya ke sa su ɓoye, shi ya sa mata da 'ya'ya suka fi saurin ganewa. Kada a ɗauka lalacewa ce ko sammu.

Abin da aka fi jaddadawa: kada a dakatar da maganin farat ɗaya. Hakan na kawo fargaba, gumi, ciwon jiki da baƙin ciki mai tsanani. Lokotoro ne zai rage shi sannu a hankali cikin makonni, ko ya sauya shi.

Kafin nan, wani amintacce ya riƙe kuɗi da kwalin magani, a rubuta ranar da halin ya fara, musamman in ya biyo bayan ƙarin magani.