Mataimakin kocinmu na shirin tafiya: ko akwai wanda ya taɓa iya riƙe nasa?

Shugaban wata ƙungiya, daga Zariya

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina shugabantar wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ke buga gasar NLO, wato rukuni na uku a Najeriya, kuma babu abin da ya taɓa hana ni barci kamar maganar da na zo da ita yau. Mataimakin kocinmu, wanda ya zo mana kaka biyu da suka wuce, shi ne ya gyara mana 'yan baya, shi ke tsara atisayen safe, shi ne kuma ke bin filayen unguwanni yana zaƙulo mana yara. A makon jiya ya same ni har gida ya shaida mini cewa wata ƙungiya ta rukunin NNL, wanda ke sama da namu, tana son ya zama babban kocinta. Akwai sauran shekara ɗaya a kwantiraginsa, kuma wasu 'yan kwamiti sun dage cewa mu tsaya a kan takarda mu hana shi tafiya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Tsohon sakataren ƙungiya, daga Kano

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Mu mun bi hanyar da 'yan kwamitinka suke so, kuma ni da hannuna na rubuta wasiƙar da ta hana namu takardar sallama. Ya zauna wata bakwai, bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, amma daga ranar bai ƙara yin abin da ba a sa shi ba. Mutumin da a da yake tsayawa da gola har magariba yana buga masa ƙwallo, sai ya zama ana hura usur ɗin tashi yake hawa babur ɗinsa. Yara sun riga mu ganewa. Da kaka ta ƙare ya tafi ba mu sami ko kwabo ba, alhali waccan ƙungiyar ta yi mana tayin diyya tun da farko, sannan yara uku daga cikin waɗanda ya kawo suka bi shi. Idan har Manchester City da duk dukiyarta ba ta iya riƙe Mikel Arteta ba lokacin da Arsenal ta neme shi a watan Disambar 2019, ana tsakiyar kaka, bayan ya yi fiye da shekara uku yana mataimakin kocinta Pep Guardiola, ban ga yadda takardarmu za ta yi abin da kuɗinsu bai yi ba.

Tsohon mataimakin koci, daga Gusau

Shugaba, bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin shekara tara na yi a wannan matsayi. Abin da shugabanni ba su cika lura da shi ba shi ne mataimaki mutum ne da aikinsa ba ya ɗauke da sunansa. Ranar da aka ci wasa, babban koci 'yan jarida suke nema, kuma muryarsa ake ji a rediyo. Ranar da aka sha kashi sau uku a jere kuwa, wasiƙar kora ba ta bambancewa, duk wanda ke kan benci tare ake sallamarsa. Ga albashi da ke yin wata biyu ko uku bai zo ba, ga alawus ɗin wasa da ake ba shi rabin na maigidansa. Mai iyali da ke cikin wannan hali, idan aka ce masa ga ƙungiya taka ce kacokan, ba raini ba ne idan ya karɓa, kuma ba butulci ba ne.

Sau biyu aka neme ni. A karo na farko na zauna, kuma ƙarin albashin da aka yi mini ba shi ya zaunar da ni ba. Shugabanmu na lokacin ya biya mini kuɗin kwas ɗin lasisin koci na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF) daga aljihunsa, ya damƙa mini ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17 ya ce ni ke da wuƙa ni ke da nama a kanta, ya kuma riƙa kirana taron kwamiti ana jin ta bakina kafin a sayi ɗan wasa. Kunyar wannan halacci ta riƙe ni kaka biyu cur. A karo na biyu shi da kansa ya ce mini in tafi, domin ya san babu sauran abin da zai ba ni in ban da kujerar da wani ke kai. Har yau idan na ga yaro mai kyau, shi nake fara kira.

Tsohon kyaftin, daga Maraɗi

Ina so in ja kunnenka a kan hanya ɗaya, Alhaji, wato yi masa alkawarin kujerar babban koci a asirce. Namu shugabannin sun yi haka, maganar ta fita, babban kocin ya ji ta a bakin mutanen gari. Daga nan ɗakin 'yan wasa ya rabu biyu, ni kuma da ke ɗaure da ƙyallen kyaftin na rasa umarnin wanda zan kai cikin fili, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Mutane kan kawo misalin mataimakan da suka zama manyan kociyoyi, kamar Tito Vilanova da ya gaji Guardiola a Barcelona a 2012, ko Hansi Flick da ya karɓi Bayern Munich a Nuwamban 2019 ya kuma ci kofin zakarun Turai a 2020, amma dukansu sun hau ne bayan kujerar ta zama babu kowa a kai. Mu kafin kaka ta ƙare mun rasa kociyoyin duka biyu.

Ma'ajin wata ƙungiya, daga Bauci

Ban yarda a ce kwantiragi ba shi da amfani ba, sai dai amfaninsa a teburin ciniki yake. Da aka nemi namu, shekarar da ta rage masa ita ta ba mu bakin magana. Mun ce za mu sake shi bisa sharaɗi uku, wato a biya mu kwatankwacin albashinsa na wata huɗu, ya yi mako shida yana koya wa wanda zai gaje shi tsarin atisayensa, kuma kada ya ɗauki mana ɗan wasa a wannan kakar sai da yardarmu. Duka aka rubuta, aka sa hannu a gaban shaidu. Bayan shekara ɗaya da rabi aka sallame shi a can, kuma da yake da hannu biyu muka rabu, wurinmu ya dawo. Wannan ba sabon abu ba ne, domin Carlos Queiroz ya bar aikin mataimakin Alex Ferguson a Manchester United a 2003 ya tafi Real Madrid, ya kuma koma Manchester United a 2004 a kan matsayinsa na da. Da mun rabu baram-baram, da ko sallama ba zai yi mana ba.

Shugaban ƙungiya, daga Zariya

Allah ya saka muku da alheri. Maganar ɗan'uwa na Gusau ta taɓa ni ƙwarai, domin da na duba littafin ma'aji a daren jiya na tarar mataimakin namu yana bin mu albashin wata biyu, kuma bai taɓa buɗe baki ya tambaya ba. Gobe in sha Allahu zan fara biyan wannan bashi kafin a yi kowace magana. Ranar Asabar kuma zan zaunar da shi tare da babban kocin a ɗaki ɗaya, in karanta musu sharuɗɗan da ma'ajin Bauci ya kawo, sannan in tambaye shi wanda yake ganin zai iya riƙe atisayen safe daga cikin tsofaffin 'yan wasanmu.